Bud Foster: Shekaru 33 a Kujerar Mataimaki a Virginia Tech

A ranar 1 ga watan Agusta na 2019, Bud Foster, wanda a lokacin ya cika shekaru 60 da 'yan kwanaki, ya sanar da cewa zai ajiye aikin horar da 'yan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a Jami'ar Virginia Tech idan kakar wasa ta ƙare. Labarin ya karaɗe kafofin wasanni na Amurka kamar wani babban koci ne zai sauka, alhali mutumin bai taɓa riƙe shugabancin wata ƙungiya ba ko da na kaka ɗaya. Tun daga 1981 da ya fara aikin a Jami'ar Murray State har zuwa ranar da ya bar fili, mataimaki ne, kuma shekaru 35 daga cikin waɗannan shekaru a ƙarƙashin mutum ɗaya ya yi su. Tarihinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana bayyana yadda wannan sana'a take tafiya daga ciki: yadda ake shigarta, abin da ke ɗaga mutum a cikinta, da kuma abin da daɗewa a wuri ɗaya yake ba mutum da abin da yake hana shi.

Wajibi ne a fara da shi kansa wasan, saboda ƙwallon da Amurkawa suke kira ta ƙafa ta fi kama da zari-ruga fiye da tamaular da sauran duniya ta sani. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili mai tsawon yadi 100. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci yadi 10, ko ta hanyar gudu da ita ko ta hanyar jefa ta gaba. Idan ya ci, sai a sabunta masa dama huɗun, idan kuma ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki shida ne, buga ta tsakanin sanduna kuwa maki uku. Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne babu iyaka ga sauya 'yan wasa, don haka kowace ƙungiya a haƙiƙa runduna uku ce: masu kai hari, masu tsaro, da masu fitowa lokacin bugun ƙwallo. Bayan kowane yunƙuri ana tsayawa na 'yan daƙiƙoƙi, kuma a cikin wannan ɗan tsaikon ne masu horarwa suke aiko da umarnin yunƙuri na gaba daga gefen fili. Wasa ne da hannun koci yake ciki sau sittin ko saba'in a yini ɗaya, kuma babu mutum guda da zai iya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai.

Daga nan ne matsayin mataimaki ya samo nauyinsa. Babban koci a manyan jami'o'in Amurka ya fi kama da shugaban ma'aikata: shi ke fuskantar 'yan jarida, da tsofaffin ɗalibai masu ba da gudummawar kuɗi, da hukumar jami'a, shi ke ɗaukar ma'aikata da sallamarsu. A ƙarƙashinsa akwai manyan mataimaka biyu, ɗaya mai tsara hari, ɗaya mai tsara tsaro, sannan ƙananan mataimaka da kowannensu yake kula da rukuni ɗaya na 'yan wasa. A mafi yawan shekarun Foster, dokar hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ƙayyade cikakkun mataimaka tara, kafin a ƙara na goma a 2018. A ƙasan tsani kuma akwai ɗaliban digiri na biyu da suke taimakawa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su ne masu yanka hotunan bidiyo, da kwana a ofis, da aike-aike. Kusan duk wanda ya zama wani abu a sana'ar, ta wannan ƙofa ya shiga.

An haifi Foster a 1959 a garin Somerset na jihar Kentucky, ya tashi a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Nokomis a jihar Illinois. Daga 1977 zuwa 1980 ya buga wa Murray State, jami'a ce a yammacin Kentucky da ke rukuni na ƙasa da manya, inda babu manyan kyamarori, babu kuma hanyar da ta miƙe zuwa gasar ƙwararru ta NFL. Ya buga a gurabe biyu na tsaro, wani lokaci a can baya cikin masu tare dogon jifa, wani lokaci a gefen sahu na biyu cikin masu tare gudu. Ƙungiyarsu ta ci gasar yankinta ta Ohio Valley a 1979 a ƙarƙashin Mike Gottfried. Iyakar abin da za a faɗa ke nan game da wasansa, kuma da a ce da shi za a auna shi, da tuni an manta da sunansa. Amfanin waɗannan shekaru huɗu yana wani wuri dabam. A 1979 aka kawo wani matashin koci mai suna Frank Beamer ya jagoranci sashen tsaro, ya ga yaron, ya ga yadda yake karanta wasa. Da Beamer ya zama babban koci a 1981, sai ya ɗauki tsohon ɗan wasansa a matsayin ɗalibi mai taimakawa, bayan shekara biyu kuma ya ba shi cikakken gurbi.

A wannan sana'a, shekarun da mutum ya yi yana wasa ba kasafai suke zama shaidar ƙwarewa ba, sun fi zama hanyar samun ubangida. Taurarin 'yan wasa da yawa sun gwada horarwa sun kasa, saboda abin da jikinsu yake yi ba tare da tunani ba, ba su san yadda za su koyar da shi ba. Wanda bai da sauri ko girman jiki na musamman kuwa, dole ya koyi hango abin da zai faru kafin ya faru, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake koyarwa. Babu jarrabawar da ake ci a zama mataimakin koci a jami'a. Wanda ya san ka shi ke ɗaukar ka, idan ya tashi ka tashi tare da shi, idan aka kore shi yawanci kai ma ka tattara kayanka.

Haka kuwa aka yi a 1987, lokacin da Virginia Tech ta kira Beamer, wanda tsohon ɗan wasanta ne na shekarun 1960, ya dawo gida. Foster ya bi shi zuwa Blacksburg, gari ne na jami'a a cikin tsaunukan kudu maso yammacin Virginia, nesa da manyan birane. Sun tarar da ƙungiya a ƙarƙashin takunkumin NCAA saboda laifuffukan da aka yi kafin zuwansu, an rage mata yawan ɗaliban da za ta iya ba tallafin karatu. A kakar farko wasa biyu suka ci, aka cinye su tara. A shekaru shida na farko sun ci 24, an ci su 40, sun yi canjaras biyu, kuma a 1992 suka sake komawa nasara biyu kacal. A yau da wuya a sami jami'ar da za ta yi haƙurin kaka shida irin waɗannan. Daraktan wasanni na lokacin, Dave Braine, ya bar Beamer a kujerarsa, amma an yi garambawul a cikin mataimaka, wasu suka tafi. Wannan ma darasi ne game da matsayin: idan ana son a nuna wa jama'a an yi wani abu ba tare da an taɓa shugaba ba, mataimaka ne suke biyan kuɗin sabulu. Foster yana cikin waɗanda suka tsira.

Garambawul ɗin ya kawo Phil Elmassian a matsayin mai tsara tsaro a 1993, shi kuma ya zo da salon da bai jiran abokin hamayya, salon da aka ɗauko samfurinsa daga Jami'ar Washington. Bai daɗe ba ya tafi. A 1995 aka raba jagorancin tsaron tsakanin Foster da Rod Sharpless, daga 1996 kuma ya zama na Foster shi kaɗai, har tsawon kaka 24. A shekarar 1995 ɗin ne aka fito da abin da ya zama tambarinsa, wato wani tsohon akwatin ƙarfe duk ya lotse, irin wanda ma'aikatan haƙar kwal suke zuba abincin rana a ciki. Ana damƙa shi ga ɗan wasan tsaron da ya fi nuna ƙwazo, shi ke ɗaukarsa zuwa atisaye da wasa, kuma idan aka yi nasara a gidan wasu sai a tsinko ciyawar filinsu a jefa a ciki. Mai kallo daga nesa zai iya ɗaukar wannan a matsayin wasan yara, amma yankin da jami'ar take yanki ne na ma'adinai da gonaki da masana'antu, kuma saƙon a fili yake ga 'yan wasa da 'yan kallo: mu ba 'ya'yan gata ba ne, leburori ne. A ƙarshen wannan kaka suka doke Texas da ci 28 da 10 a wasan Sugar Bowl, ɗaya daga cikin manyan wasannin rufe kaka, nasarar da ta sa aka fara kallonsu da idon daraja.

Tsarin nasa, idan aka sauƙaƙa shi, lissafi ne. Yakan jera mutum huɗu a sahun gaba, huɗu a bayansu, ya bar uku kawai a can baya. Ma'ana mutum takwas ne suke kusa da layin da ake fara yunƙuri, adadin da ya fi na masu tare wa mai gudu hanya, don haka kullum akwai mai tsaro ɗaya da ba wanda ya riƙe shi. Da zarar an toshe gudu, sai abokan hamayya su koma jifa ba da son ransu ba, a nan kuma sai a turo mutum biyar ko shida a kan mai jefawar daga kusurwar da bai zata ba, ya jefa cikin gaggawa, ƙwallo ta faɗa hannun da bai nufa ba. Haɗarin a bayyane yake: 'yan bayan suna tsaye mutum da mutum ba mai agaza musu, kuskure ɗaya ya isa a ci su dogon jifa. Foster ya yarda da wannan ciniki, ya gwammace a ci shi babba sau ɗaya da a riƙa yankar sa kaɗan-kaɗan har yamma. Ginshiƙin tsarin shi ne mutum biyun da ke gefe-gefen sahu na biyu, waɗanda dole su iya tare mai gudu kuma su iya bin mai karɓar jifa. A ganina ba banza ba ne cewa waɗannan su ne ayyuka biyun da shi kansa ya yi a Murray State. Gurbin da ya fi sani da jikinsa shi ya gina gidansa a kai.

A 1999 ƙungiyar ta ci wasanninta 11 na kaka ba a doke ta ba. Duniya ta fi tuna wannan shekara da Michael Vick, matashin mai jefa ƙwallo da gudunsa ya ruɗa kowa, amma tsaron Foster ne ya fi na kowace jami'a hana cin maki, kimanin maki 10 da rabi a kowane wasa, kuma ɗan sahun gabansa Corey Moore, wanda ake ganin ya yi ƙanƙanta ga gurbinsa, ya kwashe kyaututtukan Lombardi da Nagurski. A wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa, ranar 4 ga Janairu na 2000 a New Orleans, suna gaba da 29 da 28 a ƙarshen zango na uku, kafin Florida State ta zuba musu maki 18 a zangon ƙarshe, aka tashi 46 da 29. Ba su sake kusantar kofin kamar haka ba. A ɗaya gefen filin a wannan dare, mai tsara tsaron Florida State shi ne Mickey Andrews, wanda ya yi kaka 26 a ƙarƙashin Bobby Bowden, wato mutum mai irin ƙaddarar Foster.

Andrews ne ya fara karɓar kyautar Broyles a 1996, kyautar da ake ba mataimakin da ya fi fice a shekara. An sa mata sunan Frank Broyles na Jami'ar Arkansas, wanda mataimakansa irin su Barry Switzer da Jimmy Johnson da Joe Gibbs suka zama manyan masu horarwa. Sunan kansa yana nuna yadda ake kallon matsayin, wato matakala ce ta hawa sama. Foster ya kai zagayen ƙarshe sau uku kafin ya karɓe ta a 2006, bayan tsaronsa ya zo na ɗaya a ƙasar wajen hana cin yadi shekara biyu a jere. A 2006 ɗin kimanin yadi 219 kawai ake ci a kansu a wasa, kuma ƙungiyoyi huɗu sun tashi ba su ci ko maki ɗaya ba. Virginia Tech ta koma gasar ACC ta jami'o'in gaɓar Atlantika a 2004, ta cinye ta a 2004 da 2007 da 2008 da 2010, ta kuma yi kaka takwas a jere tana cin wasa 10 ko fiye.

Abin da ya sa waɗannan alƙaluma suke da nauyi shi ne kayan da aka yi aikin da su. Rabin aikin mataimaki a jami'a ba a fili ake yin sa ba, a kan hanya ake yin sa, daga wannan makarantar sakandare zuwa waccan, daga wannan falo zuwa wancan, ana shawo kan yaro ɗan shekara 17 da iyayensa. A zamanin Foster, Virginia Tech ba ta cika samun yaran da Alabama ko Ohio State suke rububi a kansu ba. Ta dogara da yankin gaɓar tekun Virginia da kewayen Richmond da makwabtan jihohi, tana ɗaukar yaro ta sauya masa gurbi, ta ajiye shi shekara guda yana ƙara ƙarfi, ta koya masa tsari ɗaya har shekara huɗu ko biyar. Kam Chancellor ya zo ne a matsayin mai jefa ƙwallo daga sakandare, ya fita a matsayin ɗan tsaron da daga baya ya ci kofin Super Bowl na gasar NFL tare da ƙungiyar Seattle. DeAngelo Hall da Brandon Flowers da Kyle Fuller duk nan suka bi, kuma a 2018 aka zaɓi Terrell da Tremaine Edmunds, wa da ƙane, a zagayen farko na ɗaukar sababbin 'yan wasan NFL a dare ɗaya. Irin wannan reno ba ya yiwuwa sai malamin yana nan daga shigar yaro har fitarsa.

To me ya hana shi zama babban koci? Ba rashin so ba ne, domin bai ɓoye cewa yana so ba, kuma an tattauna da shi a kan kujerar babban kocin Jami'ar Clemson a 2008, wadda a ƙarshe aka ba Dabo Swinney. Dalilan, a fahimtata, sun haɗu ne. A shekarun da tauraronsa yake haskawa, jami'o'i sun fi karkata ga masu tsara hari, domin maki ne ke cika filin wasa. Sannan hanyar da aka saba bi ita ce mataimaki ya karɓi ƙaramar jami'a ya nuna kansa, abin da ke nufin raguwar albashi da yiwuwar a kore shi bayan shekara uku, shi kuwa bai ga dalilin barin tabbas ya kama shakka ba. Haka kuma wanda ya yi aiki da ubangida ɗaya tak yana da ƙarancin masu ambatar sunansa a ɗakunan da ake yanke shawara. Kirby Smart ya yi shekara takwas yana tsara wa Nick Saban tsaro a Alabama kafin Georgia, jami'ar da ya yi wa wasa, ta kira shi. Brent Venables ya jira har ƙarshen 2021 kafin Oklahoma, inda ya taɓa aiki shekara 13, ta ba shi kujera. Kowannensu yana da wani gida na biyu mai ƙarfi da zai kira shi. Gidan Foster ɗaya ne, kuma akwai mai shi a ciki.

Ita ma jami'ar ta san abin da take da shi. A ƙarshen 2000 Beamer ya kusa komawa North Carolina, kuma ƙarin albashin mataimakansa yana cikin abin da ya tsayar da shi. Da Georgia ta nemi Foster a ƙarshen 2009, sai aka yi masa alƙawarin dala 800,000 da zai karɓa idan ya zauna ƙarin shekara biyar. Ya zauna, ya karɓa.

Kakar 2014 ta nuna iyakar ikon mataimaki a wasanni biyu. A watan Satumba sun je Columbus, gidan Ohio State, Foster ya cunkushe tsakiyar sahun Ohio State da mutum uku, ya bar 'yan bayansa mutum da mutum, ya ƙalubalanci sabon mai jefa ƙwallonsu J.T. Barrett ya doke shi da hannu. An kayar da yaron sau bakwai, an cafke jifansa sau uku, aka tashi 35 da 21. Wannan ne kaɗai wasan da Ohio State ta rasa a shekarar da ta ɗauki kofin ƙasa. A watan Nuwamba kuma, a gidan Wake Forest, tsaronsa ya hana cin ko maki ɗaya har lokaci ya cika, amma masu harin ƙungiyarsa su ma ba su ci komai ba, aka doke su 6 da 3 a ƙarin lokaci na biyu. Ya yi duk abin da ake nema a rabinsa na wasan, sakamakon kuwa na ƙungiya ne.

Da Beamer ya yi ritaya a ƙarshen 2015, kujerar da mutane da yawa suke ganin ta Foster ce aka ba Justin Fuente daga Memphis, masanin hari mai shekaru 39. Foster ya amince ya zauna a ƙarƙashin wanda shi Foster ya girma da shekara 17. A lokacin wasan ya riga ya sauya. Ƙungiyoyi sun koma baza masu karɓar jifa huɗu ko biyar a faɗin fili, suna yunƙuri cikin sauri ba hutu, masu jefawa kuma sun zama masu gudu, abin da ya rushe lissafin mutum ɗaya na rara da tsarinsa ya dogara a kai. Ya daidaita, ya mayar da ɗaya daga cikin 'yan sahu na biyu cikakken ɗan baya, kuma tsaronsa na 2017 yana cikin na gaba-gaba a ƙasar. Amma a 2018, bayan tafiyar 'yan wasa da dama, ƙaramar Jami'ar Old Dominion ta zuba musu maki 49. A watan Oktoban wannan shekara ne NCAA ta buɗe sabon tsarin da ya sauƙaƙa wa ɗalibai sauya jami'a, wanda sannu a hankali ya raunana dogon renon da aka gina sunan Blacksburg a kansa.

A kakarsa ta ƙarshe, yaransa sun hana Georgia Tech da Pittsburgh cin maki a makonni biyu a jere, 45 da 0 sannan 28 da 0, na biyun shi ne wasansa na ƙarshe a filin Lane, filin gidan Virginia Tech. Wasan bankwana ya faɗo ranar 31 ga Disamba na 2019 da Kentucky, jihar haihuwarsa. Kentucky ta rasa masu jefa ƙwallonta saboda rauni, ta sa Lynn Bowden, wanda asalinsa mai karɓar jifa ne, a gurbin. Kowa a filin ya san gudu zai yi, kuma ya gudu yadi 233, sannan ana saura daƙiƙa 15 ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara, aka tashi 37 da 30. Aikin tsara tsaro ya koma hannun Justin Hamilton, wanda ya yi wasa a ƙarƙashin Foster. Bayan shekara biyu aka sallami Fuente, jami'ar kuma ta ba Brent Pry kujerar babban koci, shi ne ɗalibin da yake taimaka wa Foster daga 1995 zuwa 1997.